Me ya sa haihuwa ke raguwa alhali mutanen duniya na ƙaruwa?

Tambayar da aka aiko ita ce: kullum ana jin ƙasashe irin su Japan da Koriya ta Kudu suna kukan rashin jarirai, har gwamnati na ba da kuɗi don a haihu, amma kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen duniya sun kai biliyan 8 kuma ƙaruwa suke yi. Wanne ne gaskiya a ciki, kuma me ya jawo?

Malam, duka biyun gaskiya ne, kuma uwarsu ɗaya. Sai dai muddin haihuwa kaɗai ake kallo ba za a gane kan zancen ba, domin daga mutuwa labarin ya faro.

Shekara ɗari biyu da hamsin baya, kusan ko'ina a duniya, mace kan haifi 'ya'ya biyar, shida, bakwai, amma wajen rabinsu ba sa kaiwa shekara 15. Kusan ɗaya cikin huɗu ko shekara guda ba ya cikawa. Agana, ƙyanda, gudawa, zazzaɓi da yunwa su ke kwashe su. Haihuwa da yawa, mutuwa da yawa, don haka yawan jama'a sai ya zamana tafiyar hawainiya yake yi. Duk tsawon tarihin ɗan Adam, sai wajen 1800 duniya ta cika mutum biliyan 1.

Daga nan mutuwar yara ta fara sauka, kuma ba asibiti ne ya fara saukar da ita ba. Likitan Ingila Edward Jenner ya gwada rigakafin agana a 1796. A 1854 likita John Snow ya bi diddigin annobar kwalara a wata unguwar Landan har ya danganta ta da famfon ruwa guda, abin da ya ƙara wa masu kiran a raba ruwan sha da ƙazanta ƙarfi. Ruwa mai tsabta, magudanai, sabulu, da jirgin ƙasa da ke kai hatsi inda aka yi fari, su suka yi aikin farko. Magunguna irin su fenisilin sai a shekarun 1940 suka wadata. A shekarun 1970 aka yaɗa haɗin ruwan gishiri da sukari, abu mai araha da ya ceci miliyoyin yara daga gudawa, a 1980 kuma aka ba da sanarwar kawar da agana daga duniya. Aikin bai tsaya ba: a 1990, cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a duniya 93 ne ke mutuwa kafin shekara biyar, zuwa 2022 sun dawo 37.

To ga inda gizo ke saƙar. Iyaye ba sa rage haihuwa ranar da mutuwa ta ragu. Matar da ta taso ta ga uwarta ta binne 'ya'ya huɗu ba za ta yarda cewa nata biyun za su rayu ba don kawai an buɗe ɗakin shan magani a garinsu. Sai an ga yara suna rayuwa da ido, shekara bayan shekara, kafin lissafin cikin gida ya sauya, kuma hakan yakan ɗauki tsara guda ko biyu. Wannan tazara da ke tsakanin saukar mutuwa da saukar haihuwa ita ce ta cika duniya.

Bari mu sa lamba a kai. A ce ƙasa tana haihuwar jarirai 45 cikin kowane mutum 1,000 a shekara, mutum 40 na mutuwa. Ribar 5 ce, wato rabin kashi 1 cikin 100. Akwai hanya mai sauƙi ta sanin lokacin da jama'a za su ninka: a raba 70 da kason ƙaruwar. Saba'in a raba da rabi, shekara 140 ke nan. Yanzu a ce mutuwa ta sauko zuwa 15, haihuwa na nan a 45. Ribar ta koma 30, kashi 3 cikin 100, jama'a za su ninka cikin shekara 23. Babu macen da ta ƙara ɗa ko ɗaya a kan abin da uwarta ta haifa, yaran ne kawai suka daina mutuwa. Haka duniya ta kai biliyan 2 a 1927, biliyan 3 a 1960, 4 a 1974, 5 a 1987, 6 a 1999, 7 a 2011, sannan 8 a watan Nuwamban 2022. Saurin ƙaruwar ya kai ƙololuwa a shekarun 1960, kusan kashi 2 cikin 100 a shekara. Yanzu bai kai kashi 1 ba. Masana ƙidayar jama'a Warren Thompson a 1929 da Frank Notestein a 1945 su ne suka fara tsara bayanin wannan sauyi, kuma har yau ba a ga ƙasar da mutuwar yara ta sauka sosai, 'yan mata suka shiga makaranta, haihuwa kuma ta ƙi biyo baya ba. Bambancin kawai shi ne yaushe, kuma da wane sauri.

Kafin mu shiga dalilan raguwar, a san mudun da ake awo da shi. Idan aka ce haihuwa a ƙasa kaza 1.5 ce, ana nufin adadin 'ya'yan da mace ɗaya za ta haifa a rayuwarta in da za ta bi yadda matan kowane rukunin shekaru suka haihu a wannan shekarar. Lambar da ake so don tsara ta maye gurbin kanta ita ce 2.1. Biyun na uwa da uba ne. Ɗigon ɗayan kuwa saboda ana haihuwar maza kusan 105 a kan mata 100, kuma wasu 'yan matan ba sa kaiwa shekarun haihuwa. Inda mutuwar yara ke da yawa, lambar ta fi 2.1. Matsakaicin duniya ya kai kusan 5 a shekarun 1950 da 1960, yanzu yana wajen 2.3, kuma fiye da rabin ƙasashen duniya suna ƙasa da 2.1.

Ta ƙofofi huɗu haihuwa ke sauka, kamar yadda masanin ƙidayar jama'a John Bongaarts ya fayyace a 1978: shekarun da mace ke yin aure da tsawon zamanta a cikinsa, amfani da hanyoyin tazarar haihuwa, zubar da ciki, da tsawon shayarwa, tunda shayarwa sosai na jinkirta ɗaukar wani cikin. Duk wani dalili da za a kawo, ilimi ne ko birni ko tsadar rayuwa, sai ya bi ta ɗaya daga cikinsu. Na huɗun na da wani abin mamaki: a wasu wurare, farkon zuwan zamani haihuwa hawa ta yi na ɗan lokaci, saboda an rage shayarwa an koma madarar gwangwani, kwanika ta yawaita, alhali hanyoyin tazara ba su iso ba.

Me ke tura mutane ta waɗannan ƙofofi? Babban abu shi ne yaro ya tashi daga mai kawowa ya koma mai karɓa. A gidan noma, ɗan shekara bakwai yana kiwo, yana ɗebo ruwa, yana korar tsuntsu, in ya girma shi ne zai riƙe iyaye. Masanin ƙidayar jama'a John Caldwell ya kira wannan da kwararar dukiya daga 'ya'ya zuwa iyaye, ya ce ranar da kwararar ta juya, haihuwa za ta sauka. Ingila misali ce a fili: dokar 1833 ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙu, a 1880 aka tilasta zuwa makaranta, kuma daga shekarun 1870 haihuwa ta kama gangara. Yaron da a da yake kawo lada ranar Asabar ya koma mai bukatar takalmi da littafi. Ga kuma fansho, wanda Jamus ta fara a 1889 zamanin shugaban gwamnati Bismarck: idan hukuma za ta riƙe tsoho, buƙatar tara 'ya'ya don tsufa ta ragu. Ga zaman birni, inda ɗaki kuɗi ne. Tun wajen 2007 fiye da rabin mutanen duniya a birane suke. Amma cikin duk dalilan, wanda ya fi fitowa a kowace ƙidaya shi ne karatun 'ya mace. Yarinyar da ta gama sakandare takan yi aure a makare, ta fi sanin yadda za ta kare ɗanta daga cuta, tana da bakin magana a gidanta, kuma kowace haihuwa tana da abin da za ta ajiye dominta.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi a nan. Na farko, ɗauka cewa ƙwayar hana ɗaukar ciki ce ta kawo abin. A 1960 aka amince da ita a Amurka, alhali Faransawa sun fara rage haihuwa tun ƙarshen ƙarni na 18. Ƙwaya kayan aiki ce, niyya ta riga ta. Na biyu, ɗauka cewa sai ƙasa ta yi arziki. Bangladesh na cikin matalautan ƙasashe lokacin da haihuwarta ta fara sauka daga kusan 7 a farkon shekarun 1970, yanzu tana wajen 2, kuma mata ma'aikatan lafiya da ke bi gida-gida sun taka rawa babba. Iran, ƙarƙashin gwamnatin malamai, ta farfaɗo da shirin tsarin iyali a 1989, haihuwa ta faɗo daga sama da 6 a tsakiyar shekarun 1980 zuwa kusan 2 a wajen 2000. Saukar da ta ɗauki Birtaniya kusan shekara ɗari, daga 6 zuwa ƙasa da 3, Iran ta yi ta cikin kusan shekara goma.

Yanzu ga amsar ainihin tambayar. Me ya sa jama'a ke ƙaruwa bayan haihuwa ta sauka? Saboda adadin jarirai abu biyu ne ke haɗa shi: yawan abin da kowace mace ke haifa, da yawan matan da ke shekarun haihuwa. Yaran da aka haifa da yawa shekara ashirin ko talatin baya, su ne iyayen yau. Mata miliyan 10 masu 'ya'ya bibbiyu sun fi mata miliyan 3 masu shida-shida kawo jarirai. Tsofaffin da ke mutuwa kuma 'yan ƙaramar tsara ce ta da. Kamar tirela ce da lodi a gangara, an taka birki amma sai ta yi tafiya kafin ta tsaya. Japan ta sauka ƙasa da 2.1 a 1974, amma jama'arta ba su fara raguwa ba sai wajen 2010, bayan sun kai kusan miliyan 128. Sin ta sauka a farkon shekarun 1990, sai a 2022 yawanta ya ragu, karon farko tun 1961. Indiya na wajen 2.0 yanzu, amma ta wuce Sin a 2023 kuma za ta ci gaba da ƙaruwa shekaru da dama. Afirka kudu da Sahara ita ce yankin da saukar ta fi jinkiri, haihuwa na sama da 4, kuma can ne mafi yawan ƙarin da ya rage zai fito. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 shi ne duniya za ta tsaya a wajen biliyan 10.3 a shekarun 2080, sannan ta fara sauka.

Shi ya sa nake ganin jimillar mutane ba ita ce lambar da ta kamata a zuba wa ido ba. Abin dubawa shi ne yadda shekaru suka rabu: yara nawa, masu aiki nawa, tsofaffi nawa. Idan haihuwa ta fara sauka, akan sami wani lokaci na shekara talatin zuwa arba'in da yara sun ragu, tsofaffi ba su yi yawa ba tukuna, masu ƙarfin aiki su ne mafi rinjaye. Gida yana iya ajiya, gwamnati na iya kashe kuɗi sosai a kan kowane ɗalibi. Masana tattalin arziki sun ƙiyasta cewa har kusan kashi ɗaya bisa uku na bunƙasar Gabashin Asiya daga nan ya zo. Amma damar ba ta aiki da kanta. Koriya ta Kudu ta tare ta da makarantu da masana'antun da ke fitar da kaya waje. Inda aka bar matasa ba sana'a ba aikin yi, yawan nan nasu yakan koma zaman kashe wando da ƙaura, damar ta wuce, ƙasa ta tsufa ba ta yi arziki ba.

Bayan wannan lokaci sai bashin ya zo. Yawancin tsarin fansho ba ajiya ba ne. Abin da aka cire daga albashin ma'aikacin yau shi ake biyan ɗan fanshon yau da shi. A 1950 Japan na da masu shekarun aiki kusan 12 a kan kowane mai shekara 65 zuwa sama. Yanzu kusan 2 ne, kuma tsofaffin sun kai wajen kashi 29 cikin 100 na jama'a. Mafita uku ce kawai a lissafi: a ƙara abin da ake cirewa, a rage abin da ake biya, ko a ɗaga shekarun ritaya, kuma babu wadda jama'a ke so. Faransa ta sha zanga-zanga a 2023 kan ɗaga shekarun daga 62 zuwa 64. A ƙauyukan Japan abin a ido yake: makarantar firamare a rufe, ciyawa ta cinye filin wasa, motar haya ta daina zuwa don babu fasinja, mai shekara 70 na jinyar mai shekara 95. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta sami gidaje kusan miliyan 9 ba kowa a ciki. Koriya ta Kudu kuwa, wadda ke da haihuwa 6 a 1960, ta faɗo zuwa 0.72 a 2023. In aka ɗore a haka, mutum 100, wato mata 50, za su haifi 'ya'ya 36, su kuma su haifi jikoki 13.

Gwamnatoci sun gwada ƙarfi ta ɓangarorin biyu, kuma duka an ji jiki. Sin ta kafa dokar ɗa ɗaya a 1980, alhali mafi yawan saukar ta riga ta faru: daga 5.8 a 1970 zuwa 2.7 a 1978, ta hanyar kamfen ɗin jinkirta aure da ba da tazara. Abin da dokar ta ƙara shi ne tara, zubar da ciki na dole, da zubar da cikin 'ya'ya mata, har aka kai ana haihuwar maza sama da 117 a kan mata 100, waɗanda yau miliyoyinsu ba matan aure. An sassauta zuwa biyu a 2016, zuwa uku a 2021, mutane suka ƙi. A Indiya, lokacin dokar ta-ɓaci ta 1975 zuwa 1977, an yi wa miliyoyin mutane aikin hana haihuwa, da yawa bisa tilas, abin da ya sa jama'a suka daɗe suna gudun duk wani ma'aikacin tsarin iyali. Romaniya ta yi akasin haka: a 1966 shugabanta Ceaușescu ya haramta zubar da ciki, aka kuma toshe hanyoyin tazara. Haihuwa ta yi tsalle daga 1.9 zuwa 3.7 cikin shekara guda, sannan ta riƙa zamewa, dubban mata suka mutu a hannun masu zubar da ciki a ɓoye, kuma bayan faɗuwarsa a 1989 aka tarar da yara sama da 100,000 a gidajen marayu cikin mummunan hali.

Lallashi da kuɗi bai yi ɓarna irin wannan ba, amma kwalliya ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba. Koriya ta Kudu ta kashe sama da dala biliyan 200 cikin shekara 16, haihuwa na ta sauka. Hungary ta yafe wa matan da suka haifi huɗu harajin albashi har ƙarshen rayuwa. Lambarta ta tashi daga wajen 1.2 a 2011 zuwa kusan 1.6 a 2021, sannan ta sake gangarowa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kyautar haihuwa sau ɗaya ake ba da ita, ɗawainiyar ɗa kuwa ta shekara ashirin ce. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ma'aurata na fuskantar tsadar gida, kuɗin darasin bayan makaranta da kusan kowane yaro ke zuwa, da aikin da ba a tashi sai dare. Matar da ta yi karatu daidai da mijinta ta san in ta haihu, raino da girki da kula da surukai a kanta za su sauka, kuma wurin aikinta ba lallai ya jira ta ba. Da yawa sai su fasa auren ma gaba ɗaya, kuma a ƙasashen da kusan duk haihuwa a cikin aure ake yinta, kamar Koriya da Japan, raguwar aure raguwar jarirai ce kai tsaye. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne gidajen raino masu araha da hutun haihuwa da uba ma ke ɗauka. Suwidin na ba iyaye kwana 480, an keɓe wa kowannensu 90 da ba zai iya bar wa ɗayan ba. Hakan ya daɗe yana riƙe ta sama da yawancin Turai, amma ita ma ta sauko wajen 1.45 a 2023. Shigo da baƙi na cike gurbin ma'aikata da sauri, sai dai baƙin ma suna tsufa, 'ya'yansu kuma sukan koma haihuwa irin ta masu gari.

Abu na ƙarshe, a yi hattara da lambar shekara guda, domin tana ruɗarwa. Idan mata suka ɗage haihuwar fari daga shekara 25 zuwa 30, lambar za ta faɗi ƙasa sosai a tsakanin, ko da daga baya za su haifi adadin da suka yi niyya. Haka kuma kyautar kuɗi takan sa masu niyyar haihuwa baɗi su yi ta bana, minista ya yi murna, bayan shekara biyu lamba ta koma gidan jiya. Japan ta ga irin wannan a 1966, shekarar da camfi ya ce 'yar da aka haifa a cikinta za ta zame wa mijinta masifa: haihuwa ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, lambar ta faɗo 1.58, shekara mai zuwa ta dawo. Don a rabe jinkiri da fasawa, sai a duba matan da suka riga suka kai shekara 45 zuwa 50, a ƙirga abin da suka haifa a zahiri. Da wannan awon ne ake gane cewa na Japan ya wuce jinkiri: cikin matan da aka haifa a 1975, kusan kashi 28 cikin 100 sun wuce shekarun haihuwa ba su da ɗa ko ɗaya.